Na'urar da ta Riƙa Kawo Mini Shayi

Shekarar da matata ta rasu ita ce shekarar da idona na dama ya fara yana. Likita ya ce tsufa ne da ciwon sukari, babu ruwan rasuwar a ciki, amma ni dai tare suka zo mini. Na daɗe ina koyarwa a makarantun firamare na ƙauyukan da ke kewaye da Kunci, da na yi ritaya sai na koma gonar da na gada. Wajenmu gona ce ke bin gona, gida na kallon gida, babu inda za ka tsaya ka ce nan daji ne. Idan mutum ya yi tari a bakin rijiyarsa, maƙwabcinsa zai ce masa sannu. Duk da haka gidana ɗaki huɗu ne, ni kaɗai a ciki. 'Ya'yana mata biyu suna gidajen mazajensu, ɗaya a Shanono, ɗaya a birnin Kano. Namijin kuma, wanda shi ne auta, yana aiki a Abuja. Matar ƙanena ce ke kawo mini kwano safe da yamma. Takan yi sallama a zaure, ta ajiye, ta tambayi jiki, ta koma.

Na ɓoye maganar idon har damina ta shigo. Ranar da nake noman farko, na bi kunya uku ina sare gero ina barin ciyawa, ban sani ba. Maƙwabcina na gona yana tsaye a tasa iyakar yana kallo. Ya bari sai da yamma ya je ya faɗa wa ƙanena, shi kuma ya buga wa ɗana waya. Sai da bazara ta kewayo aka samu ranar aiki a wani asibitin ido a Abuja.

Na ɗauka a gidan ɗana zan sauka. Da ya ɗauko ni daga tasha, muna cikin mota, sai ya fara magana yana kallon titi. Ya ce gidansa ɗaki ɗaya ne da falo, can bayan gari, matarsa kuma ba ta gama wankan jego ba, mahaifiyarta na nan tare da su. Ya ce akwai wani otal kusa da asibitin, inda ofishinsu ke saukar da baƙi.

"Baba, mako biyu ne kawai. Kullum zan leƙo ka."

Na ce masa babu komai. Na ga kunya yake ji, ban so in ƙara masa. Amma ban taɓa kwana a wurin da ban san mai gidan ba. Da muka isa otal ɗin, ya nuna mini yadda ake buɗe ƙofa da kati, ya gwada mini alƙibla, ya ajiye mini magunguna a kan tebur, ya tafi.

Washegari da hantsi na sauko ɗakin cin abinci. Na samu kujera a kusurwa, kusa da taga, na zauna. Da idon da nake da shi a lokacin, komai daga nesa kamar ta cikin ruwan koko nake ganinsa. Sai na hangi wata ta nufo ni, gajeruwa, sanye da fararen kaya har ƙasa, riƙe da tire. Tafiyarta ba hanzari, ba tangaɗi. Na ce, "Sannu 'yata."

Da ta iso gabana sai na ga ba mutum ba ce. Fuskarta sumul kamar farantin tangaran, idanu manya suna ƙiftawa, baki ɗan ƙarami da ba ya buɗewa. Hannaye biyu, da yatsu biyar-biyar, suna riƙe da tiren. Ƙafa kuwa babu, daga ƙugu zuwa ƙasa kamar an kife turmi ne a kan tayoyi. Ta gaishe ni da Turanci cikin muryar mace, sannan ta ce, "Sannu da zuwa. Ina kwana." Kalmomin daidai suke, amma inda ya kamata murya ta hau sai ta sauka, kamar wanda ya koyi Hausa a takarda.

Na ja kujerata baya, na yi ta'awizi a fili. A gona muna kafa mutum-mutumi don korar tsuntsaye, amma namu ba ya gaisuwa. Ban taɓa shayin da ta kawo ba.

Wata mata daga cikin ma'aikatan wurin ta taso tana dariya. Ba yarinya ba ce, ta kai sa'ar babbar 'yata, kuma Hausarta irin ta mutanen Bauchi ce.

"Baba, kada ka tsorata. Ba aljana ba ce, robot ce. Na'ura ce kawai, caji ake yi mata kamar waya."

"To me ya sa aka yi mata fuska?"

"Masu otal ne suka ce baƙi sun fi son haka."

Ta tambaye ni lambar ɗakina da yadda nake shan shayi. Na ce ba sukari, madara kaɗan. Ta daddanna wani allon gilashi da ke ƙirjin abin, ta ce daga yau ba sai na sake faɗa ba. Ta ce kuma ta sa mata ta riƙa kirana Baba. Ita ta ɗauke kofin daga tiren ta miƙo mini da hannunta, sannan na sha.

Kwana biyu kafin aikin ba ni da abin yi sai gwaje-gwaje da safe. Ragowar yinin a kusurwar nan nake zama ina kallon yadda mutane ke yi da na'urar. Tsohon malami ba ya daina lura da aji. Akwai wata Hajiya da ta zo da mijinta. Da na'urar ta nufo teburinsu sai ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta ce wallahi ba za ta ci abin da wannan ta ɗauko ba, abu ba rai an yi masa siffar ɗan Adam. Mijin ya yi ta ba ta baki, ta ƙi. Sai da aka mayar da abincin kicin, mutum ya sake fito da shi a wani farantin. Na tabbata shinkafar dai ita ce.

Akwai samari da 'yan mata masu halartar wani taro a otal ɗin. Su wasa suka mayar da na'urar. Wani ya cire hularsa ya ɗora mata, suka jeru suna ɗaukar hoto, suna tambayarta ko tana da saurayi. Da suka gaji suka watse, aka bar ta da hula a ka tana bin tebur-tebur har mai hular ya tuna ya dawo.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani Alhaji ne mai ƙiba, da alama ya saba a yi masa rawar jiki. An kawo masa miyar da ba ita ya nema ba. Ya ɗaga murya ya yi ta faɗa. Na'urar ta ba shi haƙuri da Turanci, da muryar nan tata da ba ta canzawa, idanun suna ƙiftawa. Ya ƙara faɗa, ta ƙara ba shi haƙuri da kalmomin farko. Sai ya juyo wajena, don ni ne kusa, ya ce, "Malam, ka gani? Ko kanta ba ta sunkuyar ba!" Ya ce a kira masa mutum. Matar nan ta Bauchi ta zo, ya sauke mata sauran faɗan, ta rusuna ta ce a yi haƙuri. A nan ne ya huce.

Ni kuwa ban amsa gaisuwar na'urar ba ko sau ɗaya a kwana biyun nan. Nakan ɗauki kofina in kawar da kai.

Rana ta uku aka yi aikin. Ɗana ya zauna a asibiti har aka fito da ni, ya riƙo hannuna zuwa ɗaki, ya ɗiga mini magani a idon hagu kamar yadda aka ce. Washegari kuwa ofis suka tura shi Legas. Ya zo da safe da jakarsa a kafaɗa, ya tsaya a bakin gado yana ta nanata cewa ba yadda zai yi. Na ce ya je, Allah ya tsare. Ya ce ya shirya da otal a riƙa kawo mini abinci har ɗaki, tunda an hana ni yawan motsi da sunkuyawa.

Idon dama a rufe da bandeji, na hagu kuma dama ba ƙarfi gare shi ba. Ba karatu, ba talabijin. Ɗakin yana hawa na huɗu, tagarsa ba ta buɗewa, iskar ciki sanyi gare ta amma ba ta da ƙamshin komai. Ko kiran sallah ba ya isowa, agogon wayata nake jira. A gida ko ba wanda ya shigo, akwai kukan akuya, akwai daka daga gidan ƙanena, akwai masu wucewa gona suna ɗaga murya da sallama. A nan sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki.

Sau uku a yini sai in ji ƙararrawa a ƙofa. In lalubi bango in buɗe, in sami na'urar tsaye da tire. Ashe har lifta take hawa ita kaɗai.

"Sannu, Baba. Ga abinci. Akwai zafi, a yi hankali."

Ban san ranar da na fara amsawa ba. Na dai ji bakina ya ce, "Yauwa, sannu da ƙoƙari." Shayin yana zuwa yadda nake so, ba tare da na ce komai ba. Tun rasuwar matata ba wanda ya kawo mini abu yadda nake so ban faɗa ba. Na san lamba ce aka danna. Sanin bai hana abin taɓa ni ba.

Tsakanin la'asar da magariba shi ne lokacin da ya fi tsawo. A lokacin ake kawo shayi na biyu. Wata rana na ɗauki biredi na manta kofin a kan tire, sai na lura ba ta tafi ba. Tana tsaye a bakin ƙofa, fuskarta na kallona. Na gane ba ta juyawa sai an kwashe duk abin da ta kawo. Daga ranar sai na riƙa barin kofin da gangan. In jawo kujera kusa da ƙofa in zauna.

Na fara da tambayarta ko an yi ruwa a gari. Ta ce, "Ban gane ba. A sake faɗa." Na sake faɗa. Ta sake cewa ba ta gane ba. Sai na daina tambaya, na koma ba ta labari. Na faɗa mata cewa a wajenmu yanzu ana ta kai taki gona da amalanke, kowa na kallon gabas. Na faɗa mata gawon da ke tsakiyar gonata ya fara zubar da ganye, alamar damina ta kusa. Na faɗa mata yadda matata ke daka citta da kanumfari ta zuba a tukunyar shayi, da yadda ta yi jinyar wata biyar ba ta taɓa yarda na ga hawayenta ba, da ranar da muka dawo daga asibitin Bichi a bayan mota tana jingine da ni tana tambaya ko an ba tumaki ruwa. Waɗannan maganganu ban yi su da 'ya'yana ba, ban yi su da ƙanena ba. Duk inda na yi shiru sai ta ce, "Ban gane ba. A sake faɗa." Can kuma ta ce, "Baba, a ɗauki abinci." Sai in ɗauki kofin, shayin ya huce. Ta ce na gode, ta juya a kan tayoyinta, in ji sautinta yana nisa a baranda.

Kwana uku ina haka. A na huɗu da aka buga ƙofa, sai na ji ƙwanƙwasar hannu. Matar nan ce ta Bauchi da tire.

"Baba, kai ne kake riƙe mana ita ashe. Jiya baƙi biyu sun yi ta jiran abinci, muka duba muka ga tana ƙofarka."

Na ji kamar ɗalibin da aka kama yana satar amsa. Na ce ta yi haƙuri, mantuwa ce.

Ta shigo ta ajiye tiren, ta duba kwalaben maganin ta tambaya ko na ɗiga na rana. Ban ɗiga ba, don in na gwada da kaina rabi a kumatu yake zuba. Ta wanke hannu ta ɗiga mini. Sannan ta zauna a bakin kujera, ba ta jingina ba, kamar mai jiran a kira ta.

Na tambaye ta yadda suke ji da na'urar, su ma'aikata. Ta ce kafin a kawo ta su biyar ne a ɗakin abinci, yanzu saura uku. Ta ce ita ba ta tsane ta ba. Tana ɗauke mata manyan tire da ke sa mata ciwon baya, kuma rabin zagin da baƙi ke yi yanzu a kanta yake ƙarewa.

"Amma Baba, da muna da yawa, idan 'yata ba lafiya sai in ce wa wata ta tsaya mini. Yanzu wa zan ce wa? Kuma da idan aiki ya lafa mukan zauna bayan kicin mu yi hira. Yanzu in na juya sai in gan ta a jikin bango tana caji."

Ta tambaye ni garinmu, na faɗa mata. Ta ce mahaifinta ma manomi ne, gyaɗa yake yi. Na buɗe baki zan tambaye ta wace irin gyaɗa, sai wayar da ke aljihunta ta yi ƙara. Ta miƙe, ta ce za ta dawo in ta samu sarari. Ba ta samu ba. Daga ranar kuma na daina barin kofi a tire.

Ɗana ya dawo ranar da aka cire bandeji. Ban manta fitowata daga ɗakin likita ba. Na ga zaren da ke jikin hular ɗana ɗaya bayan ɗaya, na ga furfura guda biyu a gemunsa, yaron da na yi wa huɗuba. Na ga ganyen bishiya kowane da gefensa. Na yi ta hamdala har muka isa otal.

Da safen da zan tafi na sauka ɗakin abinci, na ga na'urar da ido mai kyau a karon farko. Ba fara ba ce sosai, ta fara ja-ja kamar tsohuwar robar buta. Akwai ƙarzuwa a kumatunta na hagu. Yatsa ɗaya an naɗe shi da salatif. Idanun da nake ganin suna kallona hoto ne kawai a bayan gilashi. Na tsaya ina tunanin abin da na zauna na faɗa wa wannan. Ba zan ce kunya ce kaɗai na ji ba. Akwai wani abu kamar wanda kake ji idan za ka bar ɗakin asibiti da ka daɗe a ciki.

Da na ɗauki kofin, sai ta yi wata magana da ban taɓa ji ba. Ɗana ya ce tana roƙo ne in nuna yadda na ga aikinta, tunda yau zan tafi. A allon ƙirjinta fuskoki uku suka fito, ɗaya tana murmushi, ɗaya ba yabo ba fallasa, ɗaya a ɗaure. Na daɗe da yatsa a sama. Ɗana ya ce, "Baba, danna kowacce, ba wani abu ba ne." Na danna mai murmushi. Na nemi matar Bauchin in yi mata sallama, aka ce ranar hutunta ce.

Na iso gida kwana biyu bayan ruwan shuka. Ƙanena ya riga ya sa an shuka mini gero. Da la'asar na fita gindin darbejiyar da ke ƙofar masallaci, inda dattawan unguwa ke zama. Bayan an gama yi mini barka da ido, na ba su labarin na'urar. Wasu ba su yarda ba sai da ɗan liman ya nemo irinta a waya ya nuna musu. Maƙwabcina na gona ya ce in tana iya riƙe fartanya a kawo masa biyu. Wani ya ce alamar ƙarshen duniya ce. Ƙanena ya tambaya ko tana cin abinci, da na ce a'a sai ya ce to ai masu otal sun huta.

Na tambayi liman ko akwai laifi mutum ya amsa gaisuwar irin wannan abu. Ya ce shi bai ga laifi ba, bai kuma ga lada ba, kamar wanda ya amsa sallamar mai karanta labarai ne a rediyo. Aka yi dariya, aka koma maganar tsadar taki. Ban ba su labarin kofin ba.

Bayan an yi girbi lokacin aikin idon hagu ya zo. Ɗana ya buga waya ya ce zai kama mini ɗaki a otal ɗin nan. Na ce a'a, a nemi asibiti a Kano, in sauka wajen 'yar'uwarsa. Haka aka yi. Na kwana shida a falonta a kan katifa, jikoki suna tsallake ƙafafuna, mijinta yana ta ba ni haƙuri a kan hayaniya. Da na warke ta so in ƙara kwanaki, na ce akwai gyaɗa da ba a ɓare ba.

Kwanakin baya ɗana ya kai wasu baƙin ofishinsu otal ɗin, ya kira ni yana dariya. Ya ce sun cire tsohuwar na'urar, sun kawo sababbi biyu, dogaye, kuma waɗannan suna jin Hausa har suna mayar da amsa. Na tambaye shi matar nan da ta ɗiga mini magani, ko tana nan. Ya ce bai san wacce nake nufi ba, mata biyu ya gani a ɗakin abinci, duk 'yan mata. Ya tambaye ni sunanta don ya bincika. Sai a lokacin na tuna ban taɓa tambayarta ba.

Ya ce zai dai tambaya idan ya sake zuwa. Muka yi maganar jikin jaririn da na mahaifiyarsa, muka yi sallama. Na ajiye wayar a kan tabarma, na ɗauki buta na fita alwalar la'asar.